An ce a cire wa matata mahaifa, laifi ne in na kai ta wurin wani likitan?

Tambaya:

Assalamu alaikum Likita. Ina rubuto maka daga wani ƙauye a ƙasar Ringim. Maiɗakina shekarunta 34, 'ya'yanmu uku. Kusan shekara ke nan jinin al'adarta yana zuba fiye da kima, har ta ɗashe, jiri yana ɗibarta. An yi mata sikanin, likita ya ce ƙari ne a mahaifa, kuma sai an cire mahaifar gaba ɗaya. Ya ce mu dawo bayan mako uku. Ita kuwa tana son ƙara haihuwa. Yayana ya ce mu je Kano wani likitan ya duba, amma ina jin nauyin wannan, mutumin kirki ne, kada ya ga kamar mun raina shi. Surukata kuma ta ce a gwada na gargajiya tukuna. Yaya zan yi?

Amsa:

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ne.

Ka bi maganar yayanka. Mahaifa in aka cire ta, ta ciru ke nan, ba a mayar da ita. Duk aikin da yake haka, kuma ba na gaggawa ba, ya cancanci ido na biyu ya gani kafin a kai ga wuƙa. Mako ukun da likitan ya ba ku ma shaida ce cewa akwai sarari, don da abin na yanzu-yanzu ne da bai bar ku kun koma gida ba.

Batun jin nauyi, ajiye shi. Mu kanmu ba ma yanke babbar shawara mu kaɗai. Sau nawa nake ɗaukar fayil in shiga ofishin abokin aiki in ce masa, duba min wannan? Shawara ɗaukar ɗaki ce. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ma ta ɗora wa ma'aikacin lafiya ya bayyana wa mara lafiya abin da ke damunsa, da hanyoyin magani da ake da su, da amfani da haɗarin kowace, da kuɗinta, da kuma cewa yana da ikon ya ƙi. Saboda haka ka koma wurinsa cikin ladabi ka ce, "Likita, mun gode, amma tunda aikin babba ne muna so ka ba mu takarda mu ga ƙwararren likitan mata." Mutumin kirki irin wanda ka siffanta zai rubuta muku, wataƙila har ya gaya muku ranar da ake ganin mata a can.

Wanda kuke nema shi ne babban likitan mata, wanda muke kira kwansaltan. Akwai su a Asibitin Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala a Kano, da Asibitin Rasheed Shekoni a Dutse, da asibitin tarayya na Birnin Kudu. Mai kemis na bakin kasuwa ba ya cikin lissafi, haka maƙwabcin da ya taɓa aiki a asibiti, balle mai tallar magani da lasifika. Ku tafi da takardar sikanin, da sakamakon gwajin jini, da katin asibiti, da kwalayen duk maganin da ta sha, har da jiƙe-jiƙe in akwai. Wanda ya zo hannu rabbana sai an sake masa komai daga farko, kuɗi su tafi, kwanaki su tafi. Kuma kada ku ɓoye abin da likitan farko ya faɗa wai don ku gwada na biyun. Mutane suna yi mana haka, ba ya amfanar kowa.

Yanzu ga dalilin da ya sa nake ganin tafiyar ba asara ba ce. Irin wannan ƙari, wanda ake kira faibiroid, ya yi yawa a tsakanin matanmu, kuma kusan dukkansa ba ciwon daji (kansa) ba ne. Maganinsa ba hanya ɗaya ba ce. Akwai wadda ake rage mata zubar jinin da ƙwayoyi, ko da wasu daga cikin hanyoyin tazarar haihuwa. Akwai wadda ake yi wa aiki a ciro ƙarin a bar mahaifar. Akwai kuma wadda cire mahaifar ne mafi aminci gare ta. Abin da ke raba su shi ne yawan ƙarin, da girmansa, da inda ya zauna, da shekarun mace, da ko tana son haihuwa. Mai shekara 47 da ta gama haihuwa da mai shekara 34 da ke fatan goyo ba a yi musu lissafi ɗaya. Shin an tambayi matarka tana son ƙara haihuwa? In ba a tambaye ta ba, ta faɗa da bakinta tun a bakin ƙofa. Jikinta ne, ita za ta sa hannu a takardar aiki, don haka ka bar ta ta yi magana, kada kai ka riƙa amsa mata.

Sai dai ban ga sikanin ɗinta ba, kuma mai yiwuwa ne na biyun ya maimaita abin da na farko ya faɗa. Aikin da ake barin mahaifa ma yana da nasa nauyin. Yakan ci jini, ƙarin na iya dawowa bayan wasu shekaru, haihuwa ta gaba na iya zama ta tiyata, kuma za a gaya muku tun kafin a shiga cewa in jini ya ƙi tsayawa ana tsakiyar aiki dole a cire mahaifar don a ceci rai. In bakin likitocin biyu ya zo ɗaya, ku tsaya nan. Na sha ganin iyalin da suka zaga asibiti huɗu suna neman wanda zai faɗa musu abin da suke son ji, suka dawo da mara lafiya a kwance, kuɗin aikin sun ƙare a mota. In kuwa sun saɓa, ku tambayi kowanne dalilinsa, da abin da zai faru in aka jinkirta wata shida.

Surukarka ƙauna ce ta sa ta faɗi haka, ka lallaɓa ta. Amma ban san wani abin sha da ke narkar da wannan ƙari ba, kuma kowane wata da ya wuce jini ne yake tafiya. Jirin nan ma ya fi ƙarin damuna. A auna mata jini a wannan makon. Awon da muke kira PCV a lafiyayyar mace yakan kai 36 zuwa sama. In nata ya yi ƙasa, a fara mata maganin ƙarin jini tun yanzu, a haɗa da hanta da wake da zogale, don kowane aiki aka zaɓa sai da jini a jika. Ka kuma fara yi wa 'yan uwa magana, domin za a nemi masu ba da jini.

Abu ɗaya nake tsoro, kada wani ya karanta wannan ya ɗauka ko'ina ake neman shawara ta biyu. Naƙudar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, jijjiga a lokacin ciki, zubar jini bayan haihuwa, cikin da ya zauna a wajen mahaifa, gwaiwar da ta maƙale tana ciwo da amai, waɗannan ba su san jira ba. In likita ya ce tiyata, a sa hannu a wurin. Ita ma matarka, in jinin ya ɓalle tana jiƙa ƙunzugu duk awa, ko ta suma, ko numfashi ya fara yi mata wuya, ka manta da Kano da ranar da aka ba ku, ka kai ta asibiti mafi kusa ko da tsakar dare ne.

In ba haka ba, ku yi sammako, don layin yankar kati a manyan asibitocin nan tun da asuba yake farawa, kuma ku tafi da guzurin kwana biyu ko da za a ce a sake sikanin.