Idan Manhajar Tantancewa Ta Cunkushe, Wa Ke Shiga?

Tambaya: Assalamu alaikum. A wurin aikinmu yanzu da suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya muke shiga komai, ta wata manhajar tantancewa da ke kan girgije, wato a kwamfutocin wani kamfani a intanet. An gargaɗe mu kan haɗari biyu: shigar baƙo da sunan wani, da harin cunkoso da ke hana kowa shiga. Ni dai na ɗauka na biyun jinkiri ne kawai. Ko akwai abin tsoro a ciki?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, akwai, domin haɗarin nan biyu ba su rabu yadda kake zato ba. Sau da yawa cunkoson ne ke buɗe wa baƙon hanya.

Ga abin da ya faru a 2024 da Okta, wani kamfani mai samar da irin wannan manhajar tantancewa. Idan ma'aikaci ya shiga, manhajarsu takan adana wata shaida, don ta dogara da ita ranar da ta kasa kaiwa ga rumbun sunayen ma'aikatar. Ana haɗa shaidar daga lambar mutum, sai sunansa, sai kalmar sirrinsa a ƙarshe, a niƙa su da wani lissafi mai suna bcrypt. Shi kuwa bcrypt bayit 72 na farko (kusan haruffa 72 ke nan) kaɗai yake karantawa, sauran ya watsar. Saboda haka idan sunan ya kai haruffa 52 ko fiye, kalmar sirrin tana iya faɗawa bayan iyakar, a rubuta ko mene ne a gurbinta ƙofa ta buɗe. Haruffa 52 kamar da yawa, amma inda ake amfani da adireshin imel a matsayin suna, ana samu. Kuskuren ya shigo ranar 23 ga Yuli, sai 30 ga Oktoba aka gano shi aka gyara.

Abin lura shi ne sharaɗinsa. Ba a komawa ga ajiyayyar shaidar sai an kasa kaiwa ga rumbun, misali saboda yawan zirga-zirga a layi. Wato hanyar da aka tanada don kada aiki ya tsaya, ita ce ta fi rauni. Wannan ya fi komai damuna, domin hanyar ko-ta-kwana ba kasafai ake gwada ta kamar babbar ƙofa ba.

Cunkoson ma ba sai da runduna ba. Da gangan aka yi lissafin duba kalmar sirri ya zama mai nauyi, don ya wahalar da masu cinke, to kowace buƙatar bogi tana cin ƙarfin saba, wato kwamfutar da ke yin tantancewar. Kuma inda ake kulle asusu bayan kuskure biyar, wanda ya san sunayenku zai iya kulle ma'aikata kaf ba tare da ya san kalmar kowa ba. Ranar nan babu imel, babu fayil, har mai gyaran ma yana waje. Cikin wannan ruɗani ne wani zai ce a ɗage tantancewa ta biyu, wato ƙarin shaidar da ake nema bayan kalmar sirri, na ɗan lokaci. Kada ku yarda.

Akwai kuma satar makullin sa hannu, wato lambar sirrin da kamfani ke tabbatar da takardun shiga da ita, kamar yadda aka yi wa Microsoft, aka ƙirƙiri takardun shiga na jabu a 2023 aka karanta imel na ma'aikatar harkokin wajen Amurka. Wannan yawanci ba a hannunku yake ba, sai dai ku riƙa bibiyar rajistar shiga.

Abin da ke hannunku: ku tilasta tantancewa ta biyu ga kowa, don kuskuren Okta bai shafi inda ake aiki da ita ba, kuma makullin tsaro na hannu, wato 'yar na'urar da mutum ke riƙewa, ya fi saƙon tes aminci. Maimakon kulle asusu baki ɗaya, ku sa jinkiri mai ƙaruwa bayan kowane kuskure. Ku tanadi asusun gaggawa guda biyu masu makulli na daban, ku riƙa gwada su. Sannan ku tambayi kamfanin da ke ba ku manhajar, a rubuce: idan ta kasa kaiwa ga rumbunmu, rufewa take yi ko buɗewa, kuma da wace shaida?