Izinin Koyon Tuƙi a Niyok: Amsa Ga Uban da Sunan Ɗansa Ya Bambanta a Takardu

Wani bawan Allah ɗan asalin Maraɗi, mazaunin unguwar Bronx a birnin Niyok, ya aiko da wannan tambaya:

"Assalamu alaikum. Ɗana ya cika shekara 16, kuma ya hana ni sakat a kan in kai shi ofishin DMV, wato hukumar da ke ba da lasisin tuƙi, ya karɓi izinin koyon tuƙi kamar abokan karatunsa. A Maraɗi aka haife shi, ya zo nan yana ɗan shekara 12, kuma ni da shi duka muna da girin kad, wato katin zaman dindindin a Amurka. Damuwata ita ce, a fasfonsa Mahamadou aka rubuta, a makaranta kuwa Mohamed suke rubutawa, sannan sunansa na ƙarshe ba iri ɗaya ba ne da nawa. Akwai kuma ɗan ƙanena da nake riƙo, sa'ansa ne, shi ma yana so. Waɗanne takardu zan tanada? Zan iya koya musu da motar da nake tasi da ita? Wasu sun ce in bari sai mun je gida hutu a yi musu lasisi a can, wai ya fi sauƙi."

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya raya yaran, ya yi musu albarka.

A Amurka kowace jiha da tata dokar tuƙi, saboda haka abin da zan faɗa maka na jihar Niyok ne kawai, kada ka auna shi da abin da wani ɗan'uwa a Ohayo ko Jojiya ya ba ka labari. A nan shekara 16 ce mafi ƙarancin shekarun neman izinin koyon tuƙi, kuma fom ɗin da ake cikawa shi ne MV-44. Tunda ɗanka bai kai 18 ba, dole ne kai ko mahaifiyarsa ku sa hannu a wurin amincewar iyaye da ke jikin fom ɗin. Bayan wannan, ma'aikacin DMV abu huɗu yake son ya gani: shaidar ranar haihuwa, shaidar cewa yaron shi ne mai sunan da aka rubuta, lambarsa ta hukumar Social Security wadda muke kira soshiyal, da shaidar cewa a jihar yake zaune.

Shaidar suna da maki ake lissafa ta, kuma sai an tara maki 6. Takardar da ta jera makin kowace shaida ita ce ID-44, ku sauko da ita daga shafin hukumar ku karanta tare da yaron kafin ku fita daga gida. Girin kad ɗinsa maki 3 ne, kuma yana wadatarwa a matsayin shaidar ranar haihuwa. Katin soshiyal maki 2 ne. Katin makarantar sakandare mai hoto, idan aka haɗa shi da takardar sakamakon zango, maki 2 ne. Akwai kuma fom mai suna MV-45, wanda uba ko uwa ko mai riƙo na shari'a yake cikawa domin ya shaida sunan yaron da bai kai 21 ba da kuma inda yake zaune, shi kuwa maki 4 ne. Sharaɗinsa shi ne ka je da kanka da lasisinka na Niyok, ka sa hannu a gaban ma'aikacin, kada ka sa tun daga gida. Ka ga ke nan girin kad da katin soshiyal da MV-45 sun wuce abin da ake nema, ko da ba a taɓa takardun makaranta ba. Duk takardar da za ku kai ta kasance ta asali, domin ba a karɓar fotokwafi ko hoton da ke cikin waya, kuma wadda aka rubuta da Faransanci sai an haɗa ta da fassarar Ingilishi mai shaidar mafassari.

Maganar suna ita ce ta fi cancantar ka ba ta lokacinka, domin a nan ne mutanenmu suka fi shan wahala. Ka samu wani dare ka baje takardun yaron a kan tebur, fasfo da girin kad da katin soshiyal da takardar haihuwa, ka bi su harafi bayan harafi. Ka duba ko Mahamadou ɗin fasfo shi ne na girin kad ba tare da ragin ko harafi ɗaya ba, ka duba wane suna aka sa a gurbin sunan iyali, wane kuma a gurbin sunan yanka, saboda takardun Nijar kan fara da sunan uba, kuma sau da yawa ma'aikacin da bai san tsarinmu ba yakan juya su. Idan waɗannan manyan takardu sun yi daidai da juna, to matsalarka ƙarama ce: makaranta ce ta kauce, sai ka ɗauki fasfo da girin kad ka je ofishinta a gyara rajista, a yanzu kuma ku bar katin makarantar a gida. Idan katin soshiyal ne ya saɓa, ana gyara shi da fom SS-5 kuma ba a biyan ko sisi. Idan kuwa kuskuren a jikin girin kad yake, fom I-90 na hukumar shige da fice ake cikawa, wannan kuma yana ɗaukar watanni, amma gara a yi shi yanzu. Dalilina shi ne, katin da DMV za ta buga wa yaron nan shi ne zai riƙa nunawa a banki da wurin aiki da jami'a, kuma sunan da aka buga a kai yau shi zai bi shi har ranar da zai nemi zama ɗan ƙasa. Idan kuma ya samu girin kad kafin ya kai 14, ka tabbatar an sabunta masa shi bayan ya cika 14 ɗin, domin doka ta wajabta hakan kuma iyaye da yawa ba su sani ba.

Bambancin sunanka na ƙarshe da nasa ba laifi ba ne, al'adarmu ce ɗa ya ɗauki sunan yankan ubansa, uban kuma ya ɗauki na kakan. Sai dai ma'aikacin da ya saba ganin uba da ɗa da sunan iyali ɗaya yana iya tambayar mene ne haɗinku, kuma amsar da ta fi ƙarfi ita ce takardar haihuwa da fassararta, inda sunanka yake a gurbin uba. Idan ba a yi wa yaron rajista da wuri ba, aka yi masa takardar hukuncin kotu wadda take maye gurbin takardar haihuwa, ita za ku kai. Ranar da ke cikin takardunsa ita ce ranar haihuwarsa a wurin hukuma, ko da 1 ga Janairu aka rubuta alhali mahaifiyarsa ta san da damina ta haife shi, saboda haka kada a tsaya a gaban kanta ana bayanin wata rana daban. A kula kuma da yadda ake rubuta kwanan wata, domin a Amurka wata ake fara sawa kafin rana. Yaron da aka haifa ranar 3 ga Satumba, idan ya rubuta 03/09 kamar yadda aka koya masa a firamare a Maraɗi, ya mayar da kansa haifaffen 9 ga Maris.

Za a tambaye ku wane irin kati kuke so. Akwai na gama-gari, akwai kuma REAL ID mai tauraro a kusurwa, wanda tun daga 7 ga Mayu, 2025 shi ake nema, ko fasfo ko girin kad, ga wanda ya kai 18 idan zai hau jirgin sama a cikin ƙasa. Tunda ɗanka yana da cikakkiyar takardar zama, ku nemi mai tauraron, ba a ƙara kuɗi a kansa, illa dai ana neman shaidar adireshi guda biyu maimakon ɗaya. Akwai na uku, wanda ake ƙara wa dala 30, amma na 'yan ƙasa ne kaɗai, bai shafe ku ba.

Akwai wuri guda a jikin MV-44 da nake roƙonka kada ka bar yaron ya cika shi kaɗai, shi ne tambayar rajistar zaɓe. Jihar Niyok tana ba ɗan shekara 16 damar yin rajista tun kafin ya isa jefa ƙuri'a, kuma yaron da ya tashi a nan, yana jin Turanci kamar kowa, yana iya ɗauka cewa shi ma tambayar ta shafe shi, ya amsa da e. Mai girin kad ba ɗan ƙasa ba ne. Iƙirarin zama ɗan ƙasa a takardar hukuma, a ƙarƙashin dokar shige da fice ta 1996, yana iya hana mutum samun zama ɗan ƙasa, yana iya ma kai shi gaban alƙalin kora. Amsarku a wurin ita ce a'a, kuma idan na'ura ce aka miƙo muku ku latsa, ku karanta kowane shafi a natse, kada dogon layin da ke bayanku ya sa ku gaggawa. Akwai kuma tambaya a kan kyautar sassan jiki bayan mutuwa, wannan ku tattauna ta a gida tukuna, domin yaron ya san matsayinku kafin ya isa wurin.

Jarrabawar kanta ba ta da tsanani. Tambaya 20 ce, ana son ya ci 14, a cikinsu har da aƙalla biyu daga tambayoyi huɗu na alamomin hanya, kuma ana iya yin ta da Faransanci ga wanda ya fi sakewa da shi. Za a gwada idonsa, idan yana sa tabarau ya tafi da shi. Kuɗin ya danganta da shekarun yaro da inda yake zaune, ga ɗan 16 a Bronx ka tanadi kimanin dala 90. Ku nemi ranar ganawa ta intanet kafin ku je. Takardar wucin gadi za a ba shi a ranar, katin mai hoto kuma ya biyo ta gidan waya, don haka ka rubuta sunansa a jikin akwatin wasiƙarku, tunda ba sunan iyalinku ɗaya ba.

Batun motar tasi kuwa, ka cire shi daga ranka. A cikin birnin Niyok, yaron da bai kai 18 ba ba ya tuƙi da izinin koyo sai tsakanin ƙarfe 5 na asuba da 9 na dare, tare da uba ko mai riƙo ko malamin tuƙi, kuma a motar da take da birki biyu, ɗaya a ƙafar mai koyarwa. Motarka ba ta da shi, inshorarta kuma ta haya ce da aka yanka domin direba mai lasisin haya, ko ɗan gogar mota yaron ya yi, abincin gidanka ka taɓa. Idan kana da motar gida, kai za ka tuƙa ta ku fita daga birnin zuwa Yonkers ko Mount Vernon, inda ba a sharɗanta birki biyu ba, sannan ka ba shi sitiyari, bayan ka sanar da kamfanin inshora, kuma ku kauce wa manyan hanyoyin gundumar Westchester, inda garuruwan nan biyu suke, waɗanda aka haramta wa masu koyo, irin su Saw Mill da Hutchinson da Taconic da Cross County. Kafin a yi masa gwajin hanya sai ya riƙe izinin wata shida, ya yi awa 50 na koyo, 15 daga ciki bayan faɗuwar rana, kai kuma ka sa hannu a fom MV-262 cewa an yi su, sannan ya halarci darasin awa biyar na share fage. Ko ya ci gwajin, ƙaramin lasisin da za a ba shi bai ba shi damar tuƙi a cikin birnin ba. A ganina abin da ya fi muku shi ne ka sa shi a kwas ɗin koyon tuƙi na makarantun sakandare wanda ake ba da shaidar MV-285 a ƙarshensa, domin da ita yana iya samun cikakken lasisi yana ɗan 17 maimakon ya jira 18. Ka kuma ja masa kunne a kan waya, saboda kama mai koyo yana latsa ta a kan sitiyari dakatarwar kwana 120 ce.

Ɗan ƙanenka lamarinsa daban ne. A wurinmu ɗan ƙane ɗa ne, babu mai tambayar takarda, amma fom ɗin uba ko uwa ko mai riƙo na shari'a yake nema, kuma kada ka rubuta kanka a matsayin mahaifinsa don a wuce wurin, domin takardar haihuwarsa za ta ƙaryata ka, ƙaryar kuma ta zauna a fayil ɗinku ku biyu. Idan ba ka da takardar riƙo, Kotun Iyali ta Bronx tana ba da ita, kuma za ta yi maka amfani a makaranta da asibiti fiye ma da DMV. Ba ka faɗi irin takardar zamansa ba. Idan ba ta cika ba, tun Disamban 2019 dokar jihar ta ba kowane mazauni ɗan 16 zuwa sama damar neman katin gama-gari ba tare da an tambayi matsayinsa na shige da fice ba, da fasfon ƙasarsa mai rai, da takardar rantsuwa cewa ba a taɓa ba shi lambar soshiyal ba idan haka ne. Duk da haka, ku ga lauyan shige da fice kafin ku je kotun, domin takardar riƙo tana iya shafar hanyar da zai bi ya samu zama, kuma wasu hanyoyin suna rufewa da shekaru.

Shawarar da aka ba ka ta yin lasisi a gida ban goyi bayanta ba. A Nijar sai mutum ya kai 18 ake ba shi lasisin mota, wanda ke nufin duk wanda ya yi wa ɗan 16 lasisi a can, sai da ya ƙara masa shekaru, ka ga an samar wa yaron takarda ta hukuma mai ranar haihuwar da ta saɓa wa fasfonsa da girin kad ɗinsa. Ba za ta ma amfane shi a nan ba, tunda mazaunin jihar lasisin jihar ake nema a hannunsa, kuma ƙa'idojin 'yan ƙasa da 18 suna kansa ko da wane lasisi ya zo. Idan kun je hutun, abin da ya kamata ka nemo shi ne sababbin kwafi masu hatimi na takardun haihuwar yaran biyu daga ma'aikatar magajin gari, da rubutacciyar amincewar ƙanenka da matarsa a kan riƙon ɗansu, wadda aka sa wa hannu a gaban notari, wato jami'in da ke shaida sa hannu a kan takardu, domin kotun Bronx za ta so ta san matsayin iyayensa kafin ta ba ka takardar.