Ƙafafu sun yi nauyi, ga gudu na matsowa

Ɗan'uwa, ka ce kana shirin gudun fanfalaki na kilomita 42, kullum kana fita, yanzu ƙafafu sun yi nauyi kamar an ɗaura maka bulo. Ai kullum ɗin nan ce matsalar. Tsoka a lokacin barci da hutu take gyara kanta. Ware kwana biyu a mako, ko takalmin kada ka taɓa.

Ni ma na sha ta bara, ina bin hanyar Tibiri da hantsi cikin zafin Afrilu, ganganci tsagwaronsa. Yanzu bayan asuba nake fita. Da na dawo sai ruwan gishiri da sukari, sannan fura da nono. In fitsari ya yi ja, jikinka ruwa yake nema.