Rediyo ta yi wasa da shinkafarmu: zan iya sa a ɗaure mai shirin?

Tambaya: Ina sayar da shinkafa a babbar kasuwar Maradi. Wani gidan rediyo ya yi shirin barkwanci da muryar masu labarai, suka ce an kama shinkafar roba a layinmu. Wani ya yanko wurin ya watsa a WhatsApp, jama'a suka ɗauka labari ne, ciniki ya tsaya. Na je tashar, shugabansu ya ce ai wasa ne. Ina so a ɗaure mai shirin, a rufe tashar, a biya ni.

Amsa: Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Ban saurari shirin ba, don haka abin da zan faɗa kan bayaninka kawai ya dogara.

Batun ɗauri, ka sassauta. Dokar 'yancin jarida ta 4 ga Yunin 2010 ta cire hukuncin kaso daga laifin ɓata suna ta kafar labarai, tara ta rage. Rufe tasha kuwa ba hakkinka ba ne, aikin hukumar da ke sa ido kan kafafen labarai ne. Kai iyakarka ka kai mata koke.

Inda na fi tsayawa shi ne: an ambaci sunanka ko shagonka? Idan "layin 'yan shinkafa" kawai aka ce, ƙarar ɓata suna za ta yi maka wuya, sai in kowa ya gane kai ake nufi. Diyya kuma, a ƙarƙashin sashe na 1382 na dokar farar hula, sai ka nuna kuskurensu, da asararka, da cewa kuskuren ne ya jawo ta. Kana da littafin ciniki na kafin shirin da bayansa? Alƙali ba ya lissafi da "kasuwa ta mutu".

Mai yiwuwa wanda ya yanko muryar ya fi tashar shiga haɗari. Dokar laifukan intanet ta 2019, bayan gyaran Yunin 2024, ta tanadi ɗaurin shekara 1 zuwa 3 kan ɓata suna ta waya. Sai dai gano wanda ya fara turawa ba ƙaramin aiki ba ne.

"Ai wasa ne" ba amsa ba ce daga mai riƙe da tasha, musamman in ba su sanar da masu sauraro cewa barkwanci ne ba. Ka sa huisiye, wato jami'in shari'a mai tabbatar da shaida, ya adana muryar a rubuce, ka aika musu takardar neman hakkin mayar da martani, kuma kada ka yi jinkiri, wa'adin irin wannan ƙara gajere ne.

Ni dai da za ka ji tawa, ku haɗu da sauran 'yan layin, ku sa shugaban 'yan kasuwa ya zaunar da ku da tashar. Ku nemi su ƙaryata maganar a lokacin da aka saba jin shirin, kwanaki a jere, su ƙara muku da talla kyauta. Wannan zai fi saurin dawo da masu saye. In sun ƙi, sai ka zo da takardunka mu duba maganar kotu.