Ku Tambaya Mu Amsa: Bel ɗin mota ne laifin, to me ya kai su wayata?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ni direban haya ne ina bin hanyar Kano zuwa Kaduna. Satin da ya wuce wasu jami'ai suka tsayar da ni wai ban ɗaura bel ba, kuma gaskiya ban ɗaura ba ba zan yi ƙarya ba, zafi ake ga shi bel ɗin yana matse ni. Na ɗauka takardar tara za a ba ni in wuce, sai ɗayansu ya ziro kai cikin motar ya ce in ba shi wayata in cire mata makulli, ya dinga duba hotuna har da na iyalina a gaban fasinja. Wallahi har yau abin na cin raina. Shin doka ta ba su wannan ikon? Daga wani direba a Zariya.

AMSA: Wa alaikumussalam ɗan'uwa, Allah ya huci zuciyarka. Magana biyu ce a nan ka haɗa kuma gara mu raba su, domin a ɗaya kai ne da laifi a ɗayar kuma kai aka zalunta.

Ta farko dai bel doka ce, ba wai ra'ayin jami'in da ya tare ka ba. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, waɗanda muke ce wa 'yan Rod Sefti, an kafa ta a 1988, kuma tun 1 ga Janairun 2003 ta fara tilasta ɗaura bel a faɗin Najeriya, ka ga kenan fiye da shekara ashirin. A jadawalin laifukan hukumar da aka daɗe ana aiki da shi tarar rashin bel naira 2,000 ce, takarda ake rubuta maka ka je ka biya ta banki, ba a hannun jami'i ba. Don haka tsayar da kai ɗin da aka yi yana kan ƙa'ida.

Amma waya? A'a. Rashin bel abu ne da ake gani da ido daga waje ta gilas, an gani an gama, hujjar ta cika, babu wani abu a cikin wayarka da zai ƙara tabbatar da cewa ba ka ɗaura bel ba. Sashe na 37 na kundin tsarin mulki na 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, gidansa da wasiƙunsa da maganganunsa na waya, kuma yau wayar mutum ai ita ce ɗakinsa, can hotunan matarsa suke, can asusun bankinsa yake, can hirarsa da mahaifiyarsa take. A watan Oktoban 2020 ma, lokacin da ake ta kuka kan SARS, wato rundunar 'yan sanda ta musamman mai yaƙi da fashi, Sufeto Janar na 'yan sanda na wancan lokacin Mohammed Adamu ya fito ya hana jami'ansa binciken wayoyi da kwamfutocin mutane barkatai a kan hanya. Dokar 'yan sanda ta 2020 kuma ta ce sai da zargi mai dalili ake binciken mutum ko motarsa, kuma shigar mutum ko askinsa ko shekarunsa ba dalili ba ne. To in waɗanda aikinsu binciken laifi ne an gindaya musu wannan sharaɗi, ina ga wanda batunsa bel ne kawai.

Abin da zan ba ka shawara in haka ta sake faruwa, kar ka yi faɗa kar ka ɗaga murya, a bakin titi ba a cin gardama da mai kaki kuma ga fasinja a hannunka amana. Ka ba da lasin da takardun mota in an nema, ka ce ranka ya daɗe na yarda da laifin bel a ba ni takardata, waya kuma ba zan buɗe ba sai dai mu je ofis. Ka riƙe sunan da ke ƙirjinsa da lambar motarsu da wurin da lokacin, fasinjanka shaidu ne. Rundunar 'yan sanda na da sashen karɓar ƙorafi tun 2015, ita ma hukumar kiyaye haɗurra tana da ofis a kowace jiha. Na san za ka ce wa ke da lokacin wannan zirga-zirgar mota na jira a tasha, gaskiya ne, amma shirun da kowa ke yi shi ya sa abin ya zama jiki.

Sannan don Allah ka ɗaura bel ɗin nan, hanyar Kano zuwa Kaduna ba wurin wasa ba ce kai ka fi ni sani.

TAMBAYA: Malam maigidana ne ba ya ɗaura bel sai ya hango jami'ai sai ya jawo shi ya riƙe da hannu, in na yi magana ya ce jikinsa ne ba ruwan hukuma, kuma ya tsani yadda ake leƙo motar ana kallon iyalinsa. Ni ma ina da juna biyu ina tsoron bel ɗin ya danne cikin. Wata 'yar'uwa daga Katsina.

AMSA: 'Yar'uwa Allah ya sauke ki lafiya. Kishin maigida kan leƙen iyalinsa na fahimce shi sarai kuma ba abin raini ba ne, jami'i mai mutunci kallo ɗaya zai yi ya ga bel ya kau da kai. Amma ki faɗa masa cikin lalama cewa wanda ya ɗaura bel ai shi ne aka fi saurin ɗaga wa hannu ya wuce, rashin ɗaurawar ce ke jawo tsayuwar da leƙen da yake gudu.

Maganar jikina ne kuwa ba ta tsaya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bel na rage haɗarin mutuwa da kusan rabi ga waɗanda ke gaba, da kusan kashi 25 cikin ɗari ga na baya. Kuma in mota ta yi karo wanda bai ɗaura ba wurgi ake yi da shi, na baya ya faɗo kan na gaba da duk nauyinsa, direba ya bar sitiyari a daidai lokacin da ake buƙatar ya riƙe shi. Jikinsa ne, eh, amma ke da yaran kuna cikin motar, kuma jikin nan shi ke fita nema muku abinci. Wannan riƙewa da hannu da ake yi ita ta fi ba ni takaici, in ba a ji ƙarar shigar ƙarfen cikin mazauninsa ba to babu bel.

Ke kuma ki ɗaura, likitoci sun fi son mai ciki ta ɗaura. Igiyar ƙasa ki saukar da ita ƙarƙashin cikin ta kwanta kan ƙugu, kar ta hau kan cikin, ta sama kuma ta bi ta kafaɗa ta tsakiyar ƙirji ta gefen cikin. Ki matsar da kujerarki baya kaɗan in kina gaba. In kika je awo ki nuna wa ma'aikaciyar ta duba miki.

TAMBAYA: Da gaske ne a ƙasashen waje kyamara ke ɗaukar hoton cikin mota don kama marasa bel? Wani ɗalibi daga Sakkwato.

AMSA: Da gaske ne. A Ostireliya, wadda jiharta ta Victoria ce ta fara wajabta bel a duniya a 1970, jihar New South Wales ta fara cin tarar bel da kyamara daga Yulin 2024. Kyamarar daga sama take ɗaukar kowace mota, kwamfuta ta tace, wanda ba laifi a goge hotonsa, wanda ake zargi kuma mutum ya duba kafin a aika tara. Alherinta shi ne babu mai ziro maka kai a mota babu kuma na goro, matsalarta kuma hoton cinyar mutane da ƙirjinsu ake ɗauka har da mata, kuma can ma an yi ta ƙorafi a kai. In irinta za ta zo mana, ni abin da zan fara tambaya shi ne wa ke kallon hotunan, kwana nawa ake ajiye su, kuma wane hukunci ke kan ma'aikacin da ya fitar da hoton matar wani ya sa a WhatsApp. Muna da dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023, da ita za a riƙe su.