Aikin binciken rikici da agaji: ta ina ake shiga daga Ankara, babban birnin Ghana?

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kin ce kin gama digirin kimiyyar siyasa a Jami'ar Ghana da ke Legon, kin yi bautar ƙasa, kina son aikin binciken rikice-rikice da halin 'yan gudun hijira a yankinmu, kuma kina tambaya ko dole sai an fita waje an yi digiri na biyu.

Ba dole ba ne. Cibiyar Kofi Annan, KAIPTC, tana nan Teshie kuma tana ba da digiri na biyu kan rikici, zaman lafiya da tsaro. Akwai kuma LECIAD, cibiyar nazarin harkokin ƙasa da ƙasa da diflomasiyya, a Legon. Hedkwatar WANEP, ƙungiyar da aka kafa a 1998 mai sa ido kan alamun rikici a Afirka ta Yamma, ita ma a garin nan take. Amma kada ki yi gaggawar biyan kuɗin makaranta. Ki fara da shekara ɗaya ko biyu a fili, ko da a matsayin mai cike takardar tambayoyi ne, domin mai ɗaukar ma'aikata abu biyu yake dubawa: kin iya samo labari na gaskiya, kuma kin iya rubuta shi a taƙaice?

Babban jarinki Hausa ce. Direbobin albasa da ke saukewa a Adjen Kotoku daga Nijar, da fataken shanu na Turaku a Ashaiman, sun san hanyar da aka rufe da garin da aka daina cin kasuwa tun kafin jarida ta ji. Sai dai jin labari ba bincike ba ne, kuma a nan sababbi ke faɗuwa. Duk abin da aka gaya miki ki rubuta ranar da ya faru, sunan wurin, da ko mai maganar ganau ne ko jiyau. Tambayar da ta fi kowace amfani ita ce: "Baba, wa ya faɗa maka?" Sau da yawa mutum uku za su ba ki labari iri ɗaya, ki ɗauka ya tabbata, ashe duk saƙon murya guda suka saurara a WhatsApp. Wannan majiya ɗaya ce, ba uku ba. Daga nan ki gwada da ACLED, rumbun bayanan hare-hare da tarzoma na intanet, amma ki sani yawancin abin da ke cikinsa daga rahotannin da aka wallafa ne, don haka ƙauyen da ba ɗan jarida sai ya yi kamar lafiya lau yake. Sunan gari kuma ki haɗa shi da taswira a manhajar QGIS, saboda rubutun Faransanci da na Turanci kan sa a ƙirga hari ɗaya sau biyu.

Ɓangaren agaji lissafi ne. Ma'aunin Sphere, wanda ƙungiyoyin agaji ke bi, ya ce aƙalla lita 15 na ruwa ga kowane mutum a yini, makewayi ɗaya ga mutum 20, abinci mai kalori 2,100. Wato idan mutum 3,000 suka tsallako daga Burkina Faso, ana maganar lita 45,000 kullum da makewayi 150. Yaro ɗan wata 6 zuwa 59 da awon damtsensa ya gaza milimita 115 yana cikin tsananin tamowa. Ki koyi KoboToolbox, manhajar cike takardar tambayoyi a waya, da Excel sosai. Abin da ke ɓata irin wannan ƙidaya sananne ne: idan mutane suka zaci rajistar rabon abinci kike yi, gida mai mutum shida sai ya koma goma sha biyu, saboda haka ki faɗa tun a bakin ƙofa cewa ba rabo kika zo yi ba. Wasu kuma gidajen bakin titi kawai suke shiga, su yi magana da maigida su wuce. Ke mace ce, za a bar ki ki shiga cikin gida, kuma a can ake jin nisan rijiya da dalilin da ya hana 'yan mata fita bayan magariba. Kada ki tsaya ga 'yan gudun hijirar da ke sansanonin Tarikom da Zini na arewacin Ghana kaɗai. Da yawa suna zaune ne a gidajen dangi a garuruwan kan iyaka, kuma masu masaukin ma rumbunsu ƙarewa yake yi.

Amanar mutane ita ce abin da ya fi damuna a sana'ar nan. Kada sunan majiya ya kwana a wayarki, lamba za ki ba shi. Ki nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike kafin ki fita, ki karanta Dokar Kare Bayanai ta 2012, mai lamba 843. A Bawku, inda rikicin sarauta ke tsakanin Kusasi da Mamprusi, ko ƙabilar tafintanki na iya sa a rufe miki baki. Kuma kada ki rubuta "Fulani ne suka kai hari" don an faɗa a tasha. Jimla ɗaya irin wannan na iya jawo wa rugar da ba ruwanta ƙonewa. Ki yi haƙurin karanta tarihi: an kashe Ya Na Yakubu Andani II, sarkin Dagbon, a Yendi a 2002, ba a naɗa sabon Ya Na ba sai 2019, bayan doguwar sasantawar kwamitin manyan sarakuna ƙarƙashin Asantehene, sarkin Asante.

Faransanci wajibi ne. Maƙwabtanmu uku duk da shi suke aiki, kuma tun da Mali, Burkina Faso da Nijar suka fice daga ECOWAS a Janairun 2025, wanda ba ya karanta sanarwarsu da kansa jiran fassara zai yi ta yi.

Yawancin guraben kwantiragi ne na 'yan watanni, a shafin intanet na ReliefWeb ake tallata da yawansu, sai ki riƙa ajiye wani abu saboda tsakanin aiki da aiki. Kafin ki nemi ko ɗaya, ki rubuta shafi biyu kan abu guda, misali yadda rashin tsaron hanya ke taɓa farashin albasa: abin da ya faru, yadda kika tabbatar, da shawara uku, kowace da sunan hukumar da za ta aiwatar. Ki haɗa shi da takardar neman aikin. Allah ya ba da sa'a.