Tambaya da Amsa: Ina Kuɗin Kekena Suka Tafi?

Wata baiwar Allah daga Gusau: "Malam, jarin turaren wutana ya yi ƙasa, wata manhajar waya ta ce za ta ranta mini dubu 50 in biya cikin mako biyu. Ko barci ba na yi."

'Yar'uwa, kwantar da hankalinki, amma kada ki karɓa. Turare ba ya juya kuɗi a mako biyu, ga kuɗin ruwa, kuma in kika makara wasu cikin masu irin waɗannan manhajojin har dangi da surukai suke tura wa saƙon cin mutunci. Saboda irin wannan ne hukumar kare haƙƙin masu saye ta ƙasa, FCCPC, ta far musu a 2022. Ki shiga adashin matan da kika sani, ki roƙi kwasar farko.

Wani daga Zariya: "Maƙwabcina yana ciniki da POS, in buɗe nawa kusa da shi?"

Fita ka ƙirga lemar POS nawa ce a layinku, sannan ka sake rubuto mini.

Wani ɗan a-daidaita-sahu daga Kano: "Shekara huɗu ina samun riba da keken da na saya miliyan 3. Yanzu ya zama kwarakwaro, ba ni da kuɗin sabo."

Ɗan'uwa, cinye keken ka yi, kullum loma guda. Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya. Mutum zai cire kuɗin mai da na bakanike, ragowar ya kira shi riba ya kai cefane, ya manta inji na tsufa ko ana lallaɓa shi. Raba miliyan 3 gida huɗu: dubu 750 a shekara, wajen naira 2,400 duk ranar da ka fita aiki, in kana hutun kwana ɗaya a mako. Wannan kuɗin keke ne, ba naka ba. Asusunsa daban, ko bikin ƙanwarka ya taso kada ka taɓa. Har ma sai ka ɗora wani abu a kai, domin tun da aka saki naira kasuwa ta riƙa yanke mata daraja a watan Yunin 2023 farashin jiya ba ya sayen kayan yau. Mai injin markaɗe, mai firizar ƙanƙara, tela da kekensa, da ku nake.

Yanzu sai ka sayar da tsohon tun yana motsi, ka je bankin Musulunci irin Jaiz ko TAJBank ka tambayi tsarin murabaha: su saya, su sayar maka da ƙayyadaddiyar riba. Babu kuɗin ruwa, amma bashi ne, wata-wata za su zo. Kafin ka sa hannu, ka lissafa biyan da cinikin ranar da kasuwa ta fi mutuwa.